Biyan asibiti bisa sakamakon jinya: tambayoyi da amsoshi ga masu asibitoci da ma'aikatan lafiya a Legas

Masu ƙananan asibitoci da gidajen haihuwa a Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago suna cikin matsi ta fuska biyu. Dizal da magani da albashi sun yi tashin gwauron zabo tun daga 2023, su kuma masu biyan kuɗin inshora sun fara tambayar abin da a da ba sa tambaya: shin mutumin da aka biya ku dominsa ya samu sauƙi? Ga amsoshin tambayoyin da likitoci, nas-nas, ungozomomi da masu riƙe da asusun asibiti suka fi yi. Duk inda aka kawo lissafin naira, misali ne don a ga yadda ake yi. Kowa ya sa alƙaluman asibitinsa.

Mene ne wannan tsari, kuma da me ya bambanta da yadda muke aiki yanzu?

A tsarin da aka saba, ana biyan asibiti a kan kowane abu da ya yi: ganin likita kaza, gwaji kaza, ƙarin ruwa kaza, kwanan gado kaza. Wanda ya fi yawan aiki shi ya fi samu, ko mara lafiya ya warke ko bai warke ba. Idan ɗinki ya ruɓe bayan tiyata aka sake kwantar da mutum, a littafin kuɗi sabon ciniki ne ya shigo. Babu likitan kirki da ke fatan haka, amma tsarin biyan bai san bambanci ba.

Sabon tsarin yana auna abu biyu tare: halin da mara lafiya ya ƙare a ciki, da jimillar abin da aka kashe masa daga farkon ciwon zuwa ƙarshensa. Michael Porter na Jami'ar Harvard da Elizabeth Teisberg ne suka fito da wannan tunani fili a 2006. Ɗauki hawan jini. Ba a tambayar sau nawa aka ga mutum. Ana tambayar cikin mutum 100 da ke karɓar magani a wurinku, nawa ne jininsu ya sauka ƙasa da 140/90 bayan wata shida, kuma nawa aka kashe wa kowannensu a shekara, har da kuɗin jinyar waɗanda ciwon ya kai su ga shanyewar ɓarin jiki.

Anya ba dabarar kamfanonin HMO, wato masu gudanar da inshorar lafiya, ba ce don su rage mana kuɗi?

Tana iya zama haka, kuma ya kamata a faɗa. Duk yarjejeniyar da ta rage farashi ba tare da ta faɗi wane sakamako za a auna ba, kuma wa zai amfana idan ya inganta, ragin kuɗi ce kawai da aka sa wa sabon suna. Alamar tsari na gaskiya ita ce idan kun hana wani ciwo tsananta har aka tsira daga kwantarwa, wani kaso na abin da aka tsimi ya dawo muku.

Akwai dokar da ta tilasta mana shiga?

Babu dokar da ta ce sai an biya ku bisa sakamako. Abin da doka ta tilasta shi ne inshorar lafiya, kuma ita ce ke jawo sauran. A watan Mayu na 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadin tsohon shirin NHIS, ta mayar da inshora wajibi a kan kowa. Legas tana da tata dokar tun 2015, hukumar LASHMA ce ke gudanar da ita ta shirin Ilera Eko, kuma a 2024 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a umarnin da ya wajabta inshora ga mazauna jihar. Rajistar asibiti da duba ingancinsa kuwa aikin hukumar jiha ta HEFAMAA ne, kuma wanda rajistarsa ba ta kan ƙa'ida ba ya ma kai ga teburin tattaunawa.

Har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya yake fita. Amma duk lokacin da masu katin inshora suka ƙaru a ɗakin jiranku, mai biyan kuɗinku yana komawa hukuma ko kamfani mai akawu da kwamfuta, wanda zai kwatanta ku da asibitin da ke bayan layinku.

Hanyoyin biya nawa ne, kuma wacce ta fi haɗari ga ƙaramin asibiti?

Ban da biyan kowane aiki, akwai uku da za ku ci karo da su.

Ta farko kun riga kun san ta, kafiteshan: kuɗi tsayayye kowane wata a kan duk wanda ya zaɓi asibitinku, ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya ya daɗe a kan naira 750 sama da shekara goma kafin a fara ɗaga shi a 2024. Lissafinsa ya rataya ne a kan yawan mutane. A ce kuna da masu rajista 1,000, ana biyan naira 1,500 a kan kowanne, wato naira miliyan 1.5 a wata. Idan 150 suka zo kuma kowace zuwa ta ci naira 6,000, an kashe 900,000, saura 600,000. Idan damina ta kawo 300, an kashe miliyan 1.8, kun yi asarar 300,000. Asibiti mai mutum 1,000 zai rama a watan da aka samu sauƙi. Mai mutum 150 kuwa, iyali biyar masu ciwon suga sun isa su cinye masa kuɗin watan gaba ɗaya. A nan ne ake fara ce wa mai kati "maganin ya ƙare, je ka saya a waje", kuma daga nan amana ta tafi. Kafiteshan ba tare da auna sakamako ba yana tura asibiti ga tauye wa mutane haƙƙi, kamar yadda biyan kowane aiki ke tura shi ga yin abin da ba a buƙata.

Ta biyu jinga ce, kamar yadda ake yi da magini a kan ɗaki ɗaya maimakon biyansa kuɗin yini. Ana yanke farashi ɗaya a kan aiki sukutum, misali awon ciki da haihuwa da kulawar mako shida bayanta, ko tiyatar ƙaba har da duk matsalar da ta biyo baya cikin kwana 30. Idan kun yi aiki mai tsafta, ribar taku ce. Idan ɗinki ya ruɓe, gyaran a kanku yake.

Ta uku ita ce ƙarin lada: ana ci gaba da biya yadda aka saba, sai a ɗora wani kaso idan kun cimma wasu alƙaluma da aka amince da su. Ita ta fi dacewa da mai farawa, domin idan ba ku kai ba, ladan kawai kuka rasa. Kada ƙaramin asibiti ya karɓi yarjejeniyar da za a cire masa kuɗi idan ya gaza, sai ya yi aƙalla shekara guda yana auna kansa.

An taɓa gwada irin wannan a Najeriya, ko labarin Turai ne kawai?

An gwada. Shirin NSHIP da Bankin Duniya ya amince da shi a 2012 ya biya asibitocin gwamnati a Adamawa, Nasarawa da Ondo bisa yawan ayyuka da ingancinsu. Da aka tantance shi, sai aka ga asibitocin da aka tura wa kuɗi kai tsaye, aka ba su ikon kashewa tare da sa ido, sun samu ci gaba kusa da na waɗanda aka biya bisa ƙwazo, kuma da kuɗi kaɗan. Wato ladan ba shi kaɗai ke aiki ba. Samun kuɗin sayen magani a kan lokaci da sanin cewa wani zai zo ya duba littafi suna da nasu rabon.

Ingila ta fara biyan likitocin unguwa bisa maki a 2004, abin da ake aunawa ya inganta, wasu abubuwan da ba a aunawa suka samu ƙarancin kulawa. A Amurka, tun 2012 shirin inshorar gwamnati na Medicare ke yanke wa asibiti wani kaso na kuɗin da yake biyansa, wanda daga baya ya kai har kashi 3 cikin 100, idan marasa lafiyarsa na yawan dawowa gado cikin kwana 30, sai hukuncin ya fi faɗawa kan asibitocin talakawa, har aka gyara lissafin daga baya. Wannan ya shafe ku kai tsaye. Asibitin da ke kula da 'yan dako da masu tura baro ba za a auna shi da sikeli ɗaya da na Ikoyi ba.

Daga ina za mu fara?

Daga ciwo ɗaya. Ga yawancin asibitocin unguwa, hawan jini ya fi dacewa: masu shi suna da yawa, awonsa ba ya cin kuɗi, kuma sakacinsa ne ke kawo jinya mafi tsada.

Ku buɗe rajista ta musamman. Kowane mai hawan jini ya samu layi ɗaya: lambar kati, shekaru, lambar waya biyu (tasa da ta wani ɗan'uwa ko maigidansa a kasuwa), ranar da ya fara magani, awon kowace zuwa, maganin da yake sha, da ranar dawowa. Sannan ku gyara awon kansa, domin alƙaluman da aka gina a kan awo mara kyau ba su da amfani. Mutum ya zauna minti 5, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirji, ba ya magana. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya zuwa biyu. A tambaye shi ko ya ci goro, ya sha kofi ko taba cikin rabin awar da ta wuce. A tanadi madauri babba, domin ƙaramin madauri a damtse mai kauri yana nuna jini ya hau alhali bai kai haka ba, sai a ƙara wa mutum maganin da bai buƙata.

Bayan haka likitocin asibitin su amince da tsani ɗaya na magani, a rubuta, a manna a bango. Tsarin HEARTS na Hukumar Lafiya ta Duniya a kan haka aka gina shi, kuma a Najeriya an saba farawa da amlodipine 5 mg, a ƙara losartan idan bayan wata ɗaya jini bai sauka ba, ban da mace mai ciki ko mai shirin ɗauka, wadda ba a ba ta losartan. Inda kowane likita ke rubuta abin da ya ga dama, sito zai cika da iri goma, rabinsu su lalace.

Kowace Litinin nas ɗaya ta fitar da sunayen waɗanda ranarsu ta wuce ba su zo ba, ta kira su. Ƙarshen kowane wata uku a lissafa: cikin duk waɗanda ke rajista, nawa ne awonsu na ƙarshe ke ƙasa da 140/90? A nan mutane ke yaudarar kansu. Idan kuna da 200, guda 120 suka dawo, 80 cikinsu jininsu ya daidaita, sakamakonku 80 cikin 200 ne, wato kashi 40, ba 80 cikin 120 ba. Waɗanda suka ɓace su ne za a kawo ranga-ranga wata rana, dole a ƙirga su.

Ta yaya za mu san ainihin abin da jinyar mutum ɗaya ke ci mana?

Farashin da ke jikin allo ba shi ne kuɗin da aikin ya ci ba. A bi mara lafiya ɗaya da agogo daga ƙofa zuwa ƙofa: minti nawa a wurin kati, nawa wurin nas, nawa wurin likita, nawa a ɗakin gwaji da wurin karɓar magani. Sai a fitar da kuɗin minti ɗaya na kowane ma'aikaci. A ce nas tana karɓar naira 150,000 a wata, kwana 22 na awa 8. Awa 176 ke nan, amma a cire kashi 20 na salla, cin abinci da miƙa aiki, saura wajen awa 140, wato minti 8,400. Mintinta ɗaya ya kama naira 18. Likita mai albashin 500,000 mintinsa naira 60 ne. Duba mai hawan jinin da ya riga ya daidaita na minti 15 zai ci naira 270 a hannun nas, 900 a hannun likita, kuma sakamakon ɗaya ne idan akwai rubutaccen tsani da ƙa'idar lokacin da za a miƙa wa likita. Manufar ƙasa ta 2014 kan raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya ta buɗe ƙofar irin wannan.

A ɗora magani da kayan aiki a kan farashin da za a sake sayo su yau, ba na lokacin da aka saya ba. Haya, dizal, wuta da gyaran injuna a raba su bisa awannin da kowane ɗaki ke aiki. Asibitin da ke layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, ya ga yadda kuɗin wuta ya koma naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, saboda haka wannan sashe ba abin rainawa ba ne.

A ina kuɗi ya fi zurarewa?

A zazzaɓi. "Maleriya da taifot" ya zama sunan duk wani zafin jiki, ga shi kuwa binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna yaran Legas da aka samu da ƙwayar cutar a jini ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, alhali a Kebbi sun kusa rabi. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani, kuma gwajin gaggawa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Idan ya nuna babu, a nemi dalilin zazzaɓin a maƙogwaro, kunne, ƙirji ko fitsari. Amma a unguwanninmu akwai tambayar da ba a tsallakewa: yaushe ka dawo daga gida? Wanda ya sauka daga motar Sakkwato ko Birnin Kebbi mako biyu da suka wuce ba ɗaya yake da wanda bai bar Agege ba shekara guda.

Gwajin jini na Widal sau ɗaya ba ya tabbatar da taifot a ƙasar da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar. Dogaro da shi ne ke sa a yi wa mutum allurar ceftriaxone ta kwana biyar a kan mura. Wannan asara ce sau uku: kuɗin magani, lokacin nas, da ƙwayoyin cuta da ke koyon jure maganin.

Hanya mai sauƙi ta ganin halin da kuke ciki: ku zaro takardun magani 100 na watan jiya ba tare da zaɓe ba. Ku ƙirga magani nawa ke kan kowacce, nawa ke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, nawa ke da allura. Mizanin da aka saba amfani da shi a ƙananan asibitoci shi ne kada matsakaicin ya wuce magani biyu, masu maganin ƙwayoyin cuta su gaza kashi 30, masu allura su gaza kashi 20. Ku nuna wa kowane likita nasa alƙaluman shi kaɗai, ku maimaita bayan wata uku.

Mutanenmu idan ba a yi musu allura ko ƙarin ruwa ba, cewa suke ba a duba su ba. Ba za su gudu kemis ba?

Wasu za su gudu idan aka sallame su da "ba ka da komai". Abin da mutum ke nema shi ne shaidar an ɗauke shi da muhimmanci. A nuna masa katin gwajin a hannu: "Alhaji, ka ga layi ɗaya ne, da maleriya ce da biyu za su fito." A faɗa masa sunan abin da ke damunsa da Hausa, da kwanakin da zai ɗauka, da alamomin da idan ya gani ya dawo ko da tsakar dare ne. A ce masa dawowa cikin kwana uku a kan wannan ciwon kyauta ce, sannan a kira shi washegari. Kiran minti biyu ya fi ledar ruwa araha nesa ba kusa ba. Inda likita ba ya jin Hausa, a samu ma'aikaci mai ji, kada a dogara da yaron da ya rako tsohuwa, domin akwai abin da ba za ta faɗa a gabansa ba.

Yaya za mu rage kuɗin magani ba tare da mun faɗa hannun masu jabu ba?

Araha ba ta ado. Maganin hawan jini na jabu da aka samu a rabin farashi zai fito a alƙalumanku bayan wata uku, lokacin da aka riga aka ninka wa mutane ƙwaya ana zaton ciwon ne ya ƙi. Ku sayi mai sunan asalin magani, ba lallai mai sunan babban kamfani ba, mai lambar NAFDAC daga dillali mai rajista, ku ajiye rasit da lambar rukunin kowane kwali. Asibitoci huɗu ko biyar na unguwa ɗaya suna iya haɗa oda su samu farashin sari.

A sito, wanda zai riga lalacewa shi ke gaba a kan kanta, ko da shi ya zo daga baya. Kowane magani ya samu katinsa da adadin da idan an kai shi za a yi oda. Idan kuna fitar da ƙwaya 3,000 a wata, kaya na ɗaukar mako biyu kafin su iso, kuna kuma son ajiyar mako biyu saboda cunkoso da canjin farashi, to ranar da saura 3,000 ranar oda ce. Ku jera magungunanku bisa kuɗin da kowanne ya ci a shekara. Za ku tarar 'yan ƙalilan ne ke cinye mafi yawan kuɗin, su za a riƙa ƙirgawa kowane mako.

Mu gidan haihuwa ne. Me za mu auna, kuma jinga ba za ta karya mu ba?

Ku auna mata nawa suka fara awo a wata ukun farko, nawa suka cika zuwa takwas da aka shawarta tun 2016, nawa suka zubar da jinin da ya kai mililita 500, nawa ɗinkinsu ya ruɓe cikin kwana 30, da jarirai nawa aka haifa ba rai ko aka miƙa wani asibiti.

Zubar jini ita ce wurin da inganci da tsimi suka haɗu ƙarara. Ƙiyasin ido yana raina jinin da ya zuba. Binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda aka yi a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya yi amfani da leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai haihuwa. Da zarar jini ya kai iyaka, a yi komai a lokaci ɗaya: murza mahaifa, oxytocin, tranexamic acid, ruwa ta jijiya, da duba inda jinin ke fita. Mummunan sakamako ya ragu da kashi 60 cikin 100. Kuɗin ledar ba ya kusa da na jini leda ɗaya. Sai dai oxytocin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma wanda ya kwana a firij ɗin da wuta ta ɗauke ta dawo yana iya rasa ƙarfi ba tare da kamanninsa sun canza ba. A sa ma'aunin zafi a firij, a rubuta safe da yamma.

A tiyatar haihuwa, maganin rigakafin ƙwayoyin cuta sau ɗaya cikin awa guda kafin a yanka shi ne ƙa'ida ga wadda ba ta da alamar cuta. Allurar kwana biyar bayan tiyata ba ta maye gurbin tsaftar kayan aiki.

Game da jinga: kada farashin tiyata ya yi nisa da na haihuwa da kai har ya zama abin kwaɗayi, kada kuma a matse shi har a riƙa jinkirta tiyatar da ta wajaba. A rubuta a fili cewa jijjiga, mabiyiya da ta tare hanya, da jaririn da ke buƙatar kwalba ba sa cikin jinga, kuma miƙa mace asibitocin koyarwa na LUTH ko LASUTH, ko babban asibitin gwamnati mafi kusa a kan lokaci ba zai ci ku tara ba.

Marasa lafiyarmu suna tafiya gida da salla ko damina, su yi wata uku. Yaya za a auna mu a kansu?

A tsara aikin da sanin za su tafi. A tambayi kowa yaushe zai yi tafiya. Wanda jininsa ya daidaita a ba shi maganin wata uku, da ƙaramin kati mai ɗauke da sunan ciwo, sunan asalin magani, adadinsa da awo uku na ƙarshe, yadda duk ma'aikacin lafiya a Funtuwa ko Gusau zai gane. A rajista a ware "ya yi tafiya da magani" daga "ya ɓace", kuma a sa wannan bambanci cikin yarjejeniya.

Azumi ma a shirya masa. Masu ciwon suga a gan su mako shida zuwa takwas kafin Ramadan, a gyara lokutan magani, a gaya musu idan suga ya sauka ƙasa da 70 mg/dL ko ya haura 300 su karya azumin. Ga wani tarko a gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na watannin baya: a wurin mai sikila, mai ƙarancin jini ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, lambar na iya yaudara. Idan yarjejeniya ta ɗora ladanku a kan wannan gwaji, a ware irin waɗannan a auna su da gwajin suga na yau da kullum.

Sai mun sayi kwamfuta da manhaja?

A'a. Littafi mai layi da waya ɗaya sun isa wata shida na farko. Manhaja tana da amfani idan kun riga kun san abin da kuke son ƙirgawa. Idan za ku saya, ku tabbatar tana aiki ba intanet kuma za ku iya kwashe bayananku ranar da kuka rabu da kamfanin. Dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi bayanan marasa lafiya, saboda haka a daina tura hoton fayil mai suna a zaurukan WhatsApp.

Me za mu duba kafin mu sa hannu a yarjejeniya?

Jerin masu rajista ya riƙa zuwa kafin farkon wata, ba bayan an gama yi musu aiki ba. A fayyace abin da ke cikin kafiteshan da abin da sai an nemi lambar izini daga mai inshora, da abin da za ku yi idan mara lafiya na kwance kuma izinin bai zo ba. A rubuta ranar biya da abin da zai biyo bayan jinkiri, da lokacin sake duba farashi, domin farashin da aka yanke kafin naira ta faɗi a 2023 ya zama tarihi cikin 'yan watanni. Kowane ma'auni a rubuta su wa ake ƙirgawa, kuma cikin su wa, daga wane littafi, kuma wa zai tantance. Ku nemi a auna ku da ci gaban da kuka samu daga inda kuka fara. Ku nemi rufi: idan jinyar mutum ɗaya ta wuce wani adadi, abin da ya haura ya koma kan mai inshora.

Yawancin takardun neman biya da ake mayarwa, a kan ƙananan abubuwa ne: babu lambar izini, sunan ciwo bai dace da maganin da aka rubuta ba, sunan mutum ya saɓa da na katinsa (Muhammad a nan, Mohammed a can), ko an makara. Mutum ɗaya ya riƙa duba su kafin su fita, ya kuma rubuta dalilin duk wadda aka mayar.

Idan muka ɗora wa ma'aikata lada a kan alƙaluma, ba za su fara gyara lambobi ba?

Za su fara idan ladan ya yi yawa ko ya rataya a kan mutum ɗaya. Alamar farko ita ce rajista ta cika da 138/88 da 130/80. A raba ladan ga tawaga duka har da mai kati da mai shara, kada ya rinjayi albashi, kuma kowane wata a zaɓi mutum goma a sake auna su ko a kira su. Haɗari mafi muni shi ne a fara kakkaɓe masu ciwo mai wuya don kada su ɓata lissafi. A riƙa ƙirga waɗanda aka miƙa wani wuri da dalilin miƙa su.

Yawancin masu zuwa wurinmu kuɗi a hannu suke biya. Idan muka rage gwaji da allura, ba cinikinmu muka rage ba?

A watannin farko, e, kuɗin shiga daga allura da ƙarin ruwa zai ragu, kuma gara a shirya masa. Abin da ke cike gurbin shi ne masu ciwon da ba ya warkewa, waɗanda a yanzu sai ciwo ya kayar da su suke zuwa. Ku yi musu farashi ɗaya na wata wanda ya haɗa ganin nas, maganin wata, ganin likita duk wata uku, da gwajin ƙoda da fitsari sau ɗaya a shekara, bayan kun fitar da ainihin kuɗinsa ta hanyar da aka bayyana a sama. Ɗan kasuwar Mile 12 ya fi son ya san abin da zai biya tun kafin ya baro rumfa, kuma idan aka ware masa awa ɗaya bayan sallar asuba ko bayan la'asar, ba zai rasa ciniki don zuwa asibiti ba.

Iyaka ɗaya: karɓar kuɗin wata-wata daga masu lafiya da alkawarin ɗaukar duk abin da ya same su sana'ar inshora ce, tana buƙatar lasisi. Idan ƙungiyar mahauta ta Oko-Oba, ko ta masu kayan gwari, ko fadar Sarkin Hausawan unguwarku ta nemi irin wannan ga mutanenta, ku haɗa su da Ilera Eko ko kamfanin HMO mai rajista, su zaɓi asibitinku a matsayin wurin zuwansu na farko. Ranar tattaunawar ku je da rajistar hawan jininku ta wata shida da lissafin abin da kowane mutum ya ci.